Ranar da Unguwarmu Ta Rantse Ba Ta San Mu Ba

Ku matso kusa 'yan uwa, yau bakina cike yake da magana. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Dilenia, ina gyaran gashi a shagon Yahaira, 'yar ƙanwar mahaifiyata, a wani ƙauye da ke bayan garin Moca inda kowa ya san abin da kowa ya dafa. Wanda nake so sunansa Wáscar. Shekara huɗu ke nan yana New York, yana aiki a kantin kawunsa, kuma ya shigar mini da takardun biza irin ta wadda za a aura. Abu ɗaya ya rage: mu gamsar da ofishin biza cewa son gaske muke yi, ba auren kasuwa ba ne irin wanda ake ƙullawa don takarda. In sun yarda na tafi wurinsa. In ba su yarda ba, maganar ta mutu.

Za ku ce ai wannan mai sauƙi ne ga mutanen da suka shekara tara tare. Ni ma haka na ce. Sai da aka ce mu kawo shaida, na buɗe wayata, na zazzage akwatina, na ga ko hoto ɗaya ba ni da shi tare da shi.

Laifin Mama ne, ko kuwa in ce tsoron Mama.

Doña Eduviges ake kiranta, Doña ɗin laƙabin girmama manyan mata ne a wajenmu, kuma ko limamin cocinmu yakan gyara tsayuwa in ta tunkaro. Ina 'yar shekara biyar mahaifina ya hau jirgi, ya ce zai je ya yi auren takarda ya dawo ya kwashe mu. Auren takardar ya haifi 'ya'ya uku. Tun daga nan Mama ta ɗinka mana rayuwa da kekenta, ta kuma tsani duk namijin da idonsa ke kan jirgi. Wáscar kuwa ya haɗa laifi biyu: ɗan acaba ne, kuma kowa ya san ubansa na can New York yana nema masa takarda.

Ina shekara sha bakwai ya fara ɗauko ni daga makaranta, ranar wani ruwa da ya cika hanya da jar laka. Ya cire rigar ruwansa ya ba ni, shi ya jiƙe sharkaf, yana ta surutu don kada in ji haƙoransa na karo. Har yau in na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwa da ɗan warin fetur, sai ranar nan ta dawo mini. Ya sauke ni a ƙofar gida, ashe Mama na baranda da tsintsiya a hannu.

"Ɗan wa?" ta ce.

"Ɗan Fello ne, Doña," in ji shi.

"Mai jiran jirgi. To ka ji ni da kyau. Wannan dakalin shi ne iyakarka."

Bai sake taka dakalin ba. Amma bai daina zuwa ba, kuma a nan ne unguwarmu ta shigo cikin lamarin.

Allah Ya yi wa mutanen nan albarka. Don Chepe mai shagon kusurwa, wanda ke sayar da komai daga man girki na cokali ɗaya har zuwa kyandir, shi ne mai gadinmu. In muna zaune bayan buhunan shinkafa muna raba lemo ɗaya, ya hango Mama ta taho da lemarta, sai ya murɗa rediyo har ƙarshe. Kafin ta iso Wáscar ya fice ta baya, ni kuma ina tsaye gaban kanta ina taya kuɗin albasa. Doña Tatica maƙwabciyarmu ta ba mu bayan kicin ɗinta. Can muke zama kan turmi da tsohuwar kujera, ta kankaro mana ƙanzon shinkafa ta zuba romon wake a kai, muna ci da cokali ɗaya muna faɗa a kan wa ya fi cin gefen da ya ƙone. Ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ƙanzon ba, kuma na san ba zan sake ci ba.

In Mama ta tambayi wani, amsar ɗaya ce, kamar an koya musu a coci: "Dilenia da ɗan Fello? Haba Doña. Ko gaisawa ba sa yi." Masu wasan domino a ƙarƙashin bishiya suna faɗa ba tare da sun ɗaga kai ba. Har ya zama abin dariyar unguwa. Yaro ya fasa kofi a tambaye shi, sai ya ce ko gaisawa ba sa yi da kofin.

Hoto kuwa haramun ne a gare mu. A bikin kowa, da an ɗaga waya sai mu rabu, shi ya yi gabas ni na yi yamma. Da ya tafi, ɓuyar ta koma cikin waya. Mama ba ta jin kunyar ɗaukar wayata ta duba, don haka duk saƙon da ya turo, in na karanta sau uku sai na goge. Turare da takalman da yake aiko mini a durom ɗin kayan da ake aiko wa Doña Tatica daga can suke zuwa, da sunanta. A gida kuma Mama na ta yabon Amaury mai kemis, wanda ke kawo mata maganin hawan jini da kansa, sanye da farar riga mai guga. "Mutum mai shago ba ya tashi sama," takan ce tana kallon zarenta. Ni dai in ce to, in shige ɗaki.

Mun iya ɓuya har mun ɓuyar wa kanmu. Wannan ce matsalar.

Da Wáscar ya zo hutu a watan Disamba, Yahaira ta ce abu ne mai sauƙi. Ta sha gyara gashin amaren takarda, ta san yadda suke yi.

"Hotuna za mu ɗauka: kaya kala shida, wuri shida, wuni ɗaya," ta ce tana goga mini jan farce. "Shekara tara ta fito."

"Ai mu ba na ƙarya ba ne, Yaha."

"Na sani, 'yar uwa. Amma gilashin ofishin nan ba ya ganin zuciya. Miƙo ɗaya hannun."

Ta yi mini ja mai duhu, ta zana farar fulawa a kan kowane babban yatsa. Muka ce wa Mama za mu Santiago sayen kayan shago. Ranar nan ba zan manta ta ba, ko da ita ce ta jawo mana abin da ta jawo. Muka je bakin rafin da ya koya mini iyo, muka je bayan makaranta, muka je tashar 'yan acaba inda tsoffin abokansa suka ara masa babur. A kowane wuri ina canza riga a bayan motar Yahaira, wani lokacin da gashi a sake, wani lokacin a ɗaure. A bakin rafi ya riƙe hannuna a gaban mutane, da rana tsaka, karo na farko a rayuwarmu. Na ji kunya kamar sabuwar budurwa.

"Yi dariya irin ta 'yar sha takwas!" Yahaira ke ihu.

"Lokacin haƙoranta sun fi haka yawa a waje," in ji Wáscar. Na kai masa duka, aka ɗauka a haka.

Ranar ganawa na tafi ofishin biza a Santo Domingo da shuɗiyar riga mai dogon hannu, da fayil rungume a ƙirji. Mama ta ɗauka na je kwas ɗin rinin gashi ne. Saƙonsa ya shigo ina kan layi.

"Kin ci abinci?"

"Ba zai wuce ba."

"Ki faɗi gaskiya kawai, baƙata," ya rubuto, da sunan soyayyar da yake kirana. "Gaskiyarmu ta ishe mu."

Na goge. Hannuna ne ya yi da kansa, sai daga baya na tuna cewa irin wannan saƙon ake nema.

Matar da ke bayan gilashi ba ta da faɗa. Ta tambaye ni sunan kawunsa, abin da yake ci da safe, wace ƙafa ce ya taɓa karyawa. Duk na amsa ba gargada. Sannan ta jera hotunan a gabanta, ta daɗe tana kallo, ta ɗago da ɗan murmushi.

"Wannan jan farcen naki akwai ƙarko. Daga kina sha bakwai har bara, fulawar ba ta goge ba."

'Yan uwa, da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Na fashe da kuka, na faɗa mata komai: Mama, dakali, rediyon Don Chepe, goge-gogen saƙo. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ba ta hana bizar ba, ba ta kuma bayar ba. Za su tura wani ya yi tambaya a unguwarmu, kuma ba za su faɗi rana ba.

A motar dawowa har na ji sanyi a raina. Unguwata ce fa. Wa ya fi su sanin labarinmu? Na yi niyyar bi gida-gida in gaya musu cewa yanzu a faɗi gaskiya, amma na ji tsoron maganar ta kai kunnen Mama kafin in shirya mata. Na ce gobe. Goben ta yi ta zama gobe.

Wata Talata da hantsi ina gida, kaina cike da robobin naɗe gashi, ina guga a falo, sai ga saƙon murya daga Doña Tatica. Muryarta ƙasa-ƙasa, cike da alfahari.

"'Yata, kwantar da hankalinki. Wani mai gogaggiyar riga ya zo yana tambayar ke da Wáscar. Daga gani uwarki ce ta turo shi, ko wannan mai kemis ɗin. Na ce masa ko gaisawa ba kwa yi. Chepe ma haka ya ce, ya ƙara da cewa bai taɓa ganinku a layi ɗaya ba. Masu domino har rantsuwa suka yi. Mun rufe miki shi ruf."

Na tsaya da dutsen guga a hannu har sai da na ji ƙauri. Mutanen da suka fi kowa sona sun haƙa mini rami da hannunsu, suna murna. Ban iya jin haushinsu ba ma. Abin da muka roƙe su shekara tara shi suka yi.

Kafin in kira kowa na ji sallama a waje. Na leƙa ta tsagar taga. Mutum ne matsakaici, da riga mai ruwan toka da 'yar jaka a kafaɗa, yana share gumi. Mama na kan kujerar lilonta a baranda, da kwano a cinya tana ɓarar wake.

"Barka da hantsi, Doña. Ke ce mahaifiyar Dilenia?"

"Ni na haife ta, ni na raine ta. Kai fa?"

"Tambaya ce 'yar kaɗan. Ko kin san wani Wáscar, ɗan Fello?"

Na zame na zauna a ƙasa a jikin bango, robobin kaina na ƙwanƙwasar katako. Na ce shi ke nan. Za ta ce 'yarta ba ta hulɗa da 'yan acaba, ta kira masa sunan Amaury, ya rubuta, ya tafi.

Kujerar ta daina ƙara.

"Na san shi?" in ji Mama. "Zauna. Jawo waccan kujerar. Ka zo wurin da ya dace."

Ya zauna.

"Wannan yaron ya hana ni barci tun 'yata na sanye da kayan makaranta. Ka ga katangar can ta baya? Wayar ta lotsa a wuri ɗaya. Ba akuya ba ce, shi ne. Sau nawa na ɗaure ta da hannuna. Yana kashe babur ɗinsa tun daga gada ya turo shi da ƙafa, wai kada in ji, ya manta takalminsa na dama yana kuka. Ni da nake gane allurar da ta lanƙwashe daga sautinta."

"Amma maƙwabta sun ce..."

"Maƙwabta! Chepe maƙaryaci ne tun yana ɗan gajeren wando. Kana ganin mace za ta shekara biyar tana zuwa shago, kullum rediyo ya haukace da zarar ta sako ƙafa, ba ta gane ba? Tatica kuwa, matar da takalminta lamba arba'in da ɗaya ne, kullum ana aiko mata da lamba talatin da bakwai, washegari in gan su a ƙafar 'yata. Rubuta. Me kake jira?"

Na ji ƙarar biro a kan takarda. Na toshe bakina da gefen rigata.

"Shekarar da zazzaɓin sauro ya kwantar da ita a asibiti, ana neman jini. Aka ce mini wani bawan Allah ya bayar, bai faɗi suna ba. Da na fito siyan ruwa na gan shi zaune kan babur a bakin ƙofa, fuskarsa fari fat, da auduga manne a hannu. Ya juya mini baya wai kada in gane shi. Ƙeyar da na sani kamar tafin hannuna." Wake ya ci gaba da faɗawa cikin kwano. "Ban gode masa ba. Har yau ban gode masa ba."

Wannan ko ni ban sani ba. Bai taɓa faɗa mini ba.

"Ranar da ya tafi, yarinyar nan ta ce mini mura take yi. Murar wata biyu. Ina dafa mata agada da soyayyen cuku, abin da ta fi so, tana tura wa kare a ƙarƙashin tebur. Karen ya yi ƙiba, ita ta zama tsinke. Yanzu kuma kullum da yamma sai ta shiga banɗaki da waya ta saki famfo. Ruwan da nake biya! Ta fito idonta na sheƙi, ta ce mini cikinta ne ya ɓaci."

Mutumin ya yi gyaran murya, ina jin dariya yake dannewa.

"To Doña, a ganinki, abin da ke tsakaninsu na gaskiya ne?"

"Da na ƙarya ne da tuni na huta. Na yi faɗa, na yi gaba, na kunna kyandir a coci don ya manta ta. Na kawo mata mai kemis har falo. Ba abin da ya yi aiki. Ni ba na son sa, ka rubuta wannan ma. Amma ban taɓa ganin wanda ya nace wa abu kamar yadda yaron nan ya nace wa 'yata ba. Uban da ya haife ta bai yi rabin haka ba."

Ta ba shi kofi, don a gidanmu ko maƙiyi ba ya fita bai sha ba. Ya sha, ya yi godiya, ya ce ofis zai kira ni. Na ji takunsa har ya ɓace.

Kaza na tono a tsakar gida, rediyon Don Chepe na tashi daga nesa.

"Fito," in ji Mama. "Kin ƙona mini zanen gado, tun ɗazu nake jin ƙauri."

Na fito da robobi a kai, fuska jage-jage. Na durƙusa gefen kujerarta kamar yadda nake yi ina ƙarama.

"Mami, kin san ko wane ne mutumin nan?"

"Irinsa ya taɓa zuwa gidan nan, kina shekara shida. Tambayar ubanki ya zo yi, ko yana da mata a nan." Ba ta kalle ni ba. "Ubanki ya roƙe ni a waya in ce ban san shi ba, don takardarsa ta fita ya kwashe mu. Na zauna a kan kujerar nan, kina wasa a ƙafata, na ce ban san shi ba."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na kama hannunta, duk ƙanshin ɗanyen wake.

"Na yi wa irinsu ƙarya sau ɗaya, na rasa miji," ta ce. "Yau na faɗa musu gaskiya, zan rasa 'ya. Ni dai ban san me mutanen nan suke so da ni ba."

"Mami, ki yafe mini. Na so in faɗa miki."

"Yaushe? A filin jirgi?" Ta zare hannunta, ta goge shi a jikin zane, ta miƙo mini tafinta a buɗe. "Kira mini shi. Irin kiran da ake ganin fuska."

Na danna lambarsa. Ya ɗauka a bugu na biyu, yana tsakanin kwalaye a bayan kanti, da hula a kai, bakinsa har kunne.

"Baƙata, yanzu nake..."

Ya ga fuskar da ke kallonsa. Na rantse muku sai da wayar ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

"Cire hular nan, da ni kake magana."

Ya cire.

"Ki sa mini albarka, Doña," ya ce.

Mama ta daɗe tana kallonsa. Shekara tara ba ta taɓa yarda ta dube shi ido cikin ido ba.

"Allah Ya yi maka albarka," ta ce a hankali. "An ce akwai sanyi a can."

"Akwai, Doña. Sosai."

"Ƙirjinta ba ya son sanyi, tun tana jaririya. In ta fara tari da dare ba ta faɗa, sai ka saurara da kanka. Ka nemo mata riga mai kauri tun yanzu." Ta gyara zama. "Amma ko sun ba ta takardar nan ko sun hana, ba inda za ta sai ka zo da ƙafarka ka roƙe ta a hannuna. Kana ji na?"

Ya rufe fuskarsa da hular, kafaɗunsa na girgiza.

"Dilenia," in ji Mama, tana miƙo mini wayar ba tare da ta juyo ba, "gaya wa mutumin nan ya daina kuka a wurin aiki. Tambayarsa na yi, ina jiran ya faɗi ranar da zai zo."